Yadda ake sa wutar sola a gidan jama'a da benen kasuwanci a Yamai

Tun watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, irin mutanen da ke nemana suka canza. A da, mai son sola mutum ɗaya ne da gidansa ɗaya, yana son fitila da fanka da telebijin. Daga wannan lokaci sai masu gidajen haya, da shugabannin kwamitin site, wato rukunin gidaje, da masu benaye a Wadata da Bukoki waɗanda ke da shaguna a ƙasa da ofisoshi a sama. Ba abin mamaki ba ne, don a wancan lokaci kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasarmu Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023, ta rage zafin abin, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke taimakon jihar Tawa tun 2018. Wutar Najeriya ta dawo a 2024, amma wanda ya taɓa kwana a Yamai cikin watan Afrilu ba fanka, da wuya ya sake dogara da waya ɗaya.

Sa sola a gidan mutum ɗaya aikin waya ne da ƙarfe. Amma inda iyali takwas ko ƴan kasuwa goma za su sha daga batir ɗaya, rabin aikin na mutane ne. Na sha zuwa gyara a wuraren da aka kashe miliyoyi, kaya masu kyau, haɗin ma ba laifi, sai ka tarar cikin shekara ɗaya da rabi batura sun mutu. In ka bincika, ba wanda ya iyakance wa kowane ɗaki abin da zai ja, kuma ba wanda aka ɗora wa wanke allunan solar. Abin yana min ciwo, don sau da yawa kuɗin adashe ne ko bashi.

Mataki na 1: A zauna tukuna, kafin a je kasuwar Katako

Tara duk wanda zai sha wutar, tare da mai ginin. In gidajen irin waɗanda kamfanin gina gidaje na SONUCI ko gwamnati ta gina ne kuma ba a gama biyan kuɗinsu ba, ko kuwa haya ake yi, a nemi izinin mai su a rubuce kafin a huda rufi ko a taɓa wayoyin cikin bango. Sannan a amsa waɗannan a gaban kowa: kayan na wane ne, in mai haya ya tashi yaya za a yi da kuɗin da ya zuba, wa zai riƙe mabuɗin ɗakin batir, wa zai riƙa karɓar kuɗin wata. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kira mai unguwa ko liman ya yi shaida. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma rigimar wuta takan tashi ne da ƙarfe biyun dare cikin zafi, sa'ad da ba mai haƙurin sauraron wani.

A wannan zama ne kuma za a yanke ko tarayya za a yi ko kowa nasa. A site inda kowane gida ke da rufinsa da mitarsa, shawarata kowa ya sa ƙaramin nasa, don wayar da za a ja daga gida zuwa gida tana cin kuɗi, tana kuma zubar da wuta a hanya. Tarayya ta fi dacewa inda rufi ɗaya ya rufe kowa: bene mai hawa biyu ko uku, gidan haya mai ɗakuna a jere irin wanda muke kira selibateriyom, ko jerin shaguna.

Mataki na 2: Ƙirga abin da gidan ke sha

Kada ka tsaya a tsakar gida ka ce kowa ya faɗi abin da yake da shi. Ɗauki littafi, ka yi sallama, ka nemi izinin shiga ɗaki ɗaki. Kowane abin wuta yana da ƴar takarda a bayansa ko a ƙarƙashinsa mai nuna wat nawa yake ja. Rubuta wannan, sannan ka tambayi awa nawa yake yi a kunne a kwana ɗaya. Matan gida za ka tambaya awowin, don su ke wuni a gidan, maigida kuwa abin da ya gani da dare kawai ya sani.

A wani gida na tarar da babbar firiza a bayan labule, wadda ba a ambata ba a zaman da muka yi. Na ce, "Hajiya, wannan fa?" Ta ce, "Malam, ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa, da ita nake ciyar da yaran nan. Na ji tsoron in na faɗa a ce ba za a sa ni ba." Na ce mata za a sa ta, amma da mitarta daban, ta biya abin da ta sha. Da ba mu gan ta ba, da wannan firiza ta sha rabon maƙwabtanta a ɓoye, a wayi gari ana zargin juna. Sana'ar cikin gida irin wannan, da keken ɗinki mai mota, da injin markaɗe, duk a fito da su fili tun farko.

Bari mu ɗauki misalin gini mai iyali takwas, mu bi shi har ƙarshe. A ce kowane iyali yana da ƙwan fitila 5 masu wat 9, awa 6: wat-awa 270 ke nan. Fanka 2 masu wat 60, awa 10: 1,200. Telebijin da dikoda, wat 80, awa 5: 400. Cajin salula: 80. Ƙaramin firigo, a zafin nan namu, a ba shi 1,000. Jimla ta kusan 3,000, wato kilowat-awa 3. Iyali takwas, 24. A ƙara 2 na fitilun waje da famfon da ke tura ruwa tanki. Ginin yana buƙatar kilowat-awa 26 a kwana.

Dubi wannan lissafi da kyau za ka ga fanka ta fi komai ci. Akwai fankoki yanzu masu jan wat 30 kacal. In kowane iyali ya canza nasa, an rage kusan kilowat-awa 5 a kwana, wato aikin allo biyu da rabi da kusan batir guda. Canza fanka da ƙwan fitila ya fi sayen allo araha, don haka a fara da nan.

Mataki na 3: Raba wayar gidan gida biyu

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa don gudun fasa bango, kuma shi ne ke raya batir. Layi ɗaya na sola: fitila, fanka, telebijin, firigo, caji. Layi na biyu ya ci gaba da zama a kan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasa: dutsen guga, abin dafa ruwa, kilim (na'urar sanyaya ɗaki), murhun lantarki, injin walda. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, ya haura duk abin da iyali ɗaya ke kunnawa a lokaci guda har sau biyu. A sa wa soket ɗin sola wani launi daban, ko a yi masa alama da fenti, yadda ko yaro zai gane.

Alama kaɗai ba ta isa ba. A bakin layin kowane iyali a sa dijonktar, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in an ja fiye da kima, mai amfa 3, da ƙaramar mita. Amfa 3 a kan bolt 220 wat 660 ne: ya ishi duk abin da muka ƙirga, har da tashin firigo, amma in an sa dutsen guga zai faɗi cikin ƴan mintuna, kuma ɗakin mai laifin kaɗai zai yi duhu. A haɗa dijonktocin nan da mitocin a akwati ɗaya mai gilashi a inda kowa zai iya gani. Da zarar mutum yana ganin lambar mitarsa kusa da ta maƙwabcinsa, gardama ta ragu.

Maganar ruwan zafi a lokacin sanyi kuwa, bai kamata ma ta shafi batir ba. Tun da aka kafa ONERSOL a 1965, hukumar makamashin rana da marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya shugabanta shekaru da yawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ake ƙera tankunan dumama ruwa da zafin rana a garin nan. Hukumar ce ta rikiɗa ta zama ANERSOL ta yau. Tanki irin wannan a kan rufi ba ya jan ko wat ɗaya.

Mataki na 4: Alluna nawa, batir nawa, wace ondilar

Rana ba ta rage mu da komai ba: kowane murabba'in mita na ƙasar nan yana samun kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini. Amma kada ka yi lissafi da ranar da ta fi kyau. Yi da watan Agusta mai hadari da kwanakin hazo na hunturu, ka ɗauki awa 5 na cikakkiyar rana. Sannan ka cire asara. Wat ɗin da aka rubuta a bayan allo an auna shi ne allon yana da zafin digiri 25. A rufin Yamai da azahar allo yakan kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya da ya hau yana rage masa kusan kashi 0.35 cikin ɗari, wato ya yi asarar kusan kashi 14 tun kafin a zo ga ƙura, da waya, da ondilar (inbata), da shiga da fitar wuta a batir. Ni kashi 70 cikin ɗari nake ɗauka a matsayin abin da zai iso soket.

To, 5 sau 0.7 ya ba da 3.5. Raba 26 da 3.5, ka sami kilowat 7.4. Da alluna masu wat 550, waɗanda a kasuwa ake ce wa pano, guda 14 ke nan.

Batir abin dare yake ɗauka. A gidan zama, kusan kashi 60 cikin ɗari na wuta bayan faɗuwar rana ake shan ta, wato kilowat-awa 16 a misalinmu. Batirin litiyom irin LiFePO4 ana iya shan kashi 80 na cikinsa kullum ba tare da ya lalace ba, don haka ana buƙatar 20: guda 4 masu bolt 51.2 da amfa-awa 100, kowanne kilowat-awa 5 da ɗan ɗoriya. Batirin dalma, ko na ruwa ko jel, rabinsa kawai ake sha, don haka sai an tanadi 32, wato batura 16 masu bolt 12 da amfa-awa 200, tunda huɗu-huɗu ake jera su, nauyinsu ya kusan tan guda. Ga kuma zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. A gidan tarayya ni litiyom nake ba da shawara ko da ya fi tsada ranar saye, domin tara kuɗi a hannun iyali takwas sau ɗaya wahala ne, balle a sake komawa gare su bayan shekara biyu.

Ondilar, wadda wasu ke kira inbata, ita ke juya wutar DC ta allo da batir zuwa AC irin ta soket. Nemi mai haɗa hanya uku, wato allo, batir da NIGELEC, mai MPPT a ciki, wato na'urar da ke daidaita caji ta tatso iyakar wutar allo, kuma mai fitar da tsabtatacciyar wuta wadda ba ta sa fanka gurnani. In komai na gidan yana kunne a lokaci ɗaya za a ja kusan kilowat 4, amma firigo da famfo sukan ja ninkin abincinsu sau uku zuwa biyar a daƙiƙar da suke tashi. Na fi son ondilar biyu masu kilowat 5 da aka yi su don a haɗa su tare, kowacce da alluna 7. Ranar da ɗaya ta samu matsala, gidan ba zai kwana a duhu ba.

Mataki na 5: Hau rufin da kanka

Allo mai wat 550 ya kai mita 2.28 a tsawo da mita 1.13 a faɗi, nauyinsa kilo 27 ko 28. Guda 14 suna cin murabba'in mita 36, da hanyar wucewa a nemi 50 zuwa 55, kuma rufin zai ɗauki kusan kilo 400 ban da ƙarfen girki. In rufin kwano ne, a duba katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashi, a kira magini in akwai shakka. Gara takan cinye katako daga ciki, waje yana nan kamar lafiya.

Alluna su fuskanci kudu, a karkace digiri 15. Yamai tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan bi ta ɗan arewa da kanmu da tsakar rana, shi ya sa ba a miƙar da allo sosai a nan kamar yadda ake gani a hotunan Faransa. Amma kada a kwantar da shi shimfiɗe, don ruwa da ƙura za su kwanta a kai su bushe su zama laka. A bar tazarar mita ɗaya tsakanin layi da layi, a kuma bar aƙalla santimita 15 tsakanin allo da rufi don iska ta ratsa ta sanyaya shi.

Inuwa sai ka je sau uku ka gani: da hantsi, da azahar, da la'asar. Tankin ruwa, farantin parabol, katangar bakin rufi, reshen dogon yaro, benen maƙwabci. Alluna bakwai da aka jera a waya ɗaya kamar ayarin raƙuma suke, in ɗaya ya rage tafiya duk sun rage. Ka kuma tambaya ko filin da ke kudu da ginin za a ɗora masa bene nan gaba.

Sai iska. Duk ɗan Yamai ya san guguwar da ke tasowa daga gabas gabanin ruwan farko, wadda ke yaye rufin makarantu. Allo a gare ta tamkar tabarmar da aka shanya ne. Kada a ɗaure ƙarfen girki a jikin kwano kaɗai, a ratsa da ƙusa mai noti har cikin ƙarfe ko katakon da ke ɗauke da rufin, a toshe hudar da roba da gam. A rufin kankare kada a huda dal, ruwa zai bi ya sauka a ɗakin na ƙasa. A zuba tubalan kankare masu nauyi a ɗaure ƙafafun a kansu.

Mataki na 6: Saye

Araha ba ta ado. Tafi da ma'aunin tsawo da na'urar auna wuta. Allon zamanin nan yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowane murabba'in mita, don haka in ka ga allon da bai wuce murabba'in mita ɗaya ba an liƙa masa takardar wat 400, takardar ce ƙarya. Fitar da shi rana ka auna bolt da amfa ka gwada da abin da aka rubuta. Duk allunan su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya. Batirin dalma a ɗora shi a sikeli: mai amfa-awa 200 na gaske yakan kai kilo 55 zuwa 60 ko fiye. Na litiyom a duba ranar ƙira, a kuma tabbatar yana iya magana da ondilar da ka zaɓa ta wayar sadarwa, a gwada a gabanka. Karɓi takardar saye mai lambar kowane kaya da wa'adin garanti, ka tambayi mai shagon wa ke gyaran wannan ondilar a Yamai. Kuma a yi sayayya tun watan Disamba ko Janairu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in zafi ya shigo kaya na tsada, masu aiki na ƙwarai kuma sun yi wuyar samu.

Mataki na 7: Ɗakin batir

Zaɓi wurin da ya fi ko'ina sanyi a ginin, ƙarƙashin matakala ko ɗakin da ke gefen arewa, mai tagogin iska biyu da raga. Ban da ɗakin kwano da rana ke duka daga yamma, ban da ɗakin girki, ban da inda wani ke kwana. Batirin dalma na ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta sa'ad da yake caji. A ɗaga komai daga ƙasa aƙalla santimita 30, a unguwannin bakin kogi ma fiye da haka, duk mun ga abin da ruwa ya yi a 2020. A rataye tukunyar kashe gobara ta gari ko ta iska a bakin ƙofa daga waje. Ɗakin ya kasance kusa da rufin da alluna suke, kuma kada a mai da shi wurin ajiyar buhuna.

Mataki na 8: Haɗi

Wannan aikin ƙwararre ne. Na kawo shi ne don mai gida ya san abin da zai sa wa ido. Alluna bakwai a jere suna ba da kusan bolt 350 na DC. Wannan yana kisa, kuma muddin rana na kan allon ba a iya kashe shi. Mai aiki ya tabbatar wannan adadi bai haura iyakar da aka rubuta a jikin ondilar ba, yana tuna cewa da sanyin safiyar Janairu bolt yakan ɗan hau.

Daga rufi a yi amfani da wayar sola ta ainihi mai kaurin milimita murabba'i 6, a cikin bututu, da mahaɗan MC4 da aka matse da abin matse su. Wayar gida da aka murɗa aka naɗe da salatif, rana za ta cinye ta, kuma daga irin wannan mahaɗi gobarar sola ke tashi. Tsakanin batir da kowace ondilar wutar takan haura amfa 100, don haka waya mai kauri 35, gajera, da fis ko dijonktar a kusa da batir. Dijonktar na AC ba ya aikin DC ko da sun yi kama, a duba rubutun jikinsa. A sa abin kare tsawa a ɓangaren alluna da ɓangaren NIGELEC, da dijonktar mai kare rai na miliamfa 30 a layin da ke shiga ɗakuna.

Wayar ƙasa, wadda ke sauke wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, ba ado ba ce. Ƙasarmu busasshiya ce, sandar tagulla ɗaya sau da yawa ba ta isa. A kafa biyu ko uku masu tsawon mita 2, nesa da juna, a inda ke samun danshi, a haɗa su, a ɗaure musu ƙarfen alluna da jikin ondilar, sannan a auna da na'ura. Gishirin da wasu ke zubawa a ramin yana ba da sakamako mai kyau a ranar, daga baya ya cinye sandar.

Wajen kunnawa, batir ake fara haɗawa da ondilar, a saita irin batirin da iyakar cajinsa, sannan a auna wayoyin alluna a tabbatar ba a juya mai alamar (+) da mai alamar (−) ba, a ɗaga nasu dijonktar, sai NIGELEC, daga ƙarshe a riƙa ɗaga na ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ana kallon allon ondilar. Kada a taɓa cire mahaɗin MC4 wuta na gudana. A saita ondilar yadda ba za ta tura wuta baya zuwa layin NIGELEC ba: ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin an ɗauke wuta, ransa yana hannunka. Duk wanda ke son haɗin da zai mayar da wuta kan layi, ya fara zuwa ofishin NIGELEC. A kuma sa makunnin juyi na hannu, yadda in sola ta sami matsala za a mayar da gidan kan NIGELEC cikin minti ɗaya.

Mataki na 9: In benen kasuwanci ne

Duk abin da ya gabata yana nan, sai dai lissafin ya juya, kuma ya juya ta hanya mai daɗi. Shago da ofis da rana suke shan wuta, daidai lokacin da allo ke bayarwa, don haka kuɗin ya fi tafiya ga alluna, batir kuwa kaɗan: abin da zai riƙe firigon kantin magani, da fitilun tsaro, da kwamfutoci, da awowin bayan magariba. A nan kilim yana iya hawa sola. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wat 1,100 zuwa 1,200, a ware masa alluna uku, a zaɓi irin na zamani mai tashi a hankali, a saita shi a digiri 26, a toshe kafofin ƙofa da taga. A watannin rani, na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso tana sanyaya shago da wat 200 ko ƙasa da haka, sai dai da damina ba ta da amfani.

Yawancin manyan benaye layi uku ke shigar musu, wato tirifaze mai bolt 380. Sai a nemi ondilar mai layi uku, ko guda uku da aka yi su don aiki tare, a kuma raba shaguna daidai a kan layukan, kada masu firiza duk su taru a ɗaya. In akwai janareta, a haɗa shi ta ƙofar da ondilar ta tanada masa, ya zama na ranar larura. Mai bene ya ɗauko takardun kuɗin wuta na wata 12 da lissafin gazuwal ɗin da ya saya a shekara, ya gwada da kuɗin aikin. Wannan ne zai nuna masa shekara nawa kuɗinsa za su dawo, da alƙalumansa na kansa.

Mataki na 10: Kuɗin wata da mai kula

Alluna sukan yi shekara 25. Batir da ondilar ba sa kaiwa haka. Haɗa kuɗin batura da na ondilar, ka raba da wata 96, wato shekara 8, ka ƙara ladan mai wanki da na ƙwararren da zai riƙa dubawa sau biyu a shekara. Abin da ya fito shi ne ginin zai tara kowane wata, a raba wa mutane gwargwadon abin da mitar kowa ta nuna. Kuɗin su shiga asusu mai sa hannun mutum biyu. Kada a taɓa su don biki ko gyaran masai.

A ɗora wa mutum ɗaya wanki, da sunansa a takarda, da ladansa. Daga Nuwamba zuwa Mayu sau ɗaya a mako, in hazo ya yi yawa sau biyu. Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ruwan famfo da tsumma mai laushi a kan sanda sun isa. Ban da omo, ban da goge busasshiyar ƙura da tsumma, yashi yana karce gilashi, kuma ba a taka allo. Ragar iskar ondilar ma a kakkaɓe ta duk wata. Kafin damina, a watan Mayu, ƙwararre ya hau ya ƙara matse kowane noti, ya duba wayoyi ko ɓera ya taɓa, ya sake auna wayar ƙasa.

A ajiye littafi a ɗakin batir. Kullum bayan sallar asuba mai mabuɗi ya rubuta kashi nawa ya rage a batir, da magariba kuma ya rubuta kilowat-awa nawa alluna suka bayar. A ginin misalinmu, in an ga abin da alluna ke bayarwa ya sauka ƙasa da 22 alhali gari garau yake kuma batir bai cika ba, a hau rufi, ƙura ce ko inuwa ko mahaɗi ya saki. In kuwa alluna na bayar da nasu amma batir yana wayar gari ƙasa da kashi 20 kwana uku a jere, a buɗe akwatin mitoci a gwada lambar kowane ɗaki da ta makon jiya. A nan za a ga ɗakin da sabon kaya ya shiga, a je a yi magana da mai shi tun kafin a fara zancen ƙarin allo.